Ranar da Ba a Ƙidayawa

"...Lahiya lau, Kaka. Ina gajiya?"

"Babu gajiya sai ta mai mata irinki. Tun asuba nike tari a ɗaki don ki ji ki zo gaisuwa, har maƙogwarona ya ƙare."

"Na ji tarin. Na ɗauka akuyar Kaka Yelwa ce ta haɗiye leda."

Da hantsi ne, ina zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida, ordinatar, wato kwamfuta, a kan cinyata. Kakana Illa, mahaifin babana, ya zauna a gefena ya aje ɗan murhunsa da shuɗiyar butar shayinsa. A gidanmu kowa ya san dokar butar nan: kofin farko nasa ne shi kaɗai, mu jikoki sai na uku, wanda ya koma ruwan sukari.

Garinmu yana cikin kwarin Keita, kuma da rani albasa muke yi. Foraj ɗaya gare mu, wato rijiyar burtsatse, da pampo mai aiki da hasken rana. Masu lambu kashi uku ne: na Iliya, na Altine wanda duk mata ne, da na Ɗanladi. Kowane kashi yana shan ruwa yini guda, sannan na gaba ya karɓa. Shekara talatin Kaka ne ke faɗin wanda ke da ruwa, tun ana ja da guga. Bara, ina can Tawa wajen karatu, wata Talata mutanen Altine da na Ɗanladi suka haɗu a bakin pampo, kowa ya ce ranarsa ce, har aka zage-zage. Aka ce tsoho ya fara ruɗewa. Shi ya sa bana ƙungiyar masu lambu ta ce in fitar mata da takardar ranakun ban ruwa na rani duka. Yau bayan la'asar za a karanta ta a taro, Kaka kuma ya miƙa mabuɗin ɗakin pampo.

Ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa ya aje ta a kan tabarma.

"Ga shi, Adawiyya. Ki rataya ma mijinki na biyu."

"Wane mijin?"

"Wanga baƙin hwaranti da kike kallo tun jiya kamar mai duba."

"Ba shi da wuya, Kaka. A ina zan rataya mai?"

"Mai rabon ruwa babu wuya? Ni da nike da wuya ma an ce ban iya ba."

Da dariya ya faɗa, amma bai dube ni ba. Gawayi yake hurawa.

"To nuna min," in ji shi. "Ina takardar da za ta gaje ni? Ni ban ga komi ba sai duhu da ƴan tururuwa."

"Tururuwan nan umarni ne. Wurin ga sunanshi shel, nan ake gaya ma ordinatar aikin da zai yi. Ba zan zauna in rubuta kwana ɗari da ishirin da hannu ba. Layi tara na rubuta mai. Na ce ga ranar da za a fara, ka rubuta ta da sunan mai ruwa, ka ƙara kwana guda, ka rubuta na gaba, ka yi ta maimaitawa har ƙarshen rani."

"Ashe shekara uku da anka kai ki Tawa, aiken wani kinka koyo."

"A gida na gada. Shekara talatin kana rabon ruwa, ban taɓa ganin ka riƙe da tiyo ba."

"Sarki ba shi ɗaukar tiyo."

"Sarkin da ake tuɓewa bayan la'asar?"

"In anka tuɓe ni, ke ma kin sauka daga matar sarki. Ki koma cin tuwo babu man shanu."

Na danna maɓalli. Layuka suka zubo daga sama har ƙasa, suka wuce, suka tsaya. Kaka ya ja baya kaɗan, ya riƙe rawaninsa.

"Har ya gama?"

"Har watan huɗu."

"Duk wanda ya yi aiki da sauri haka bai yi bisimilla ba. Karanto in ji."

"Huɗu ga watan sha biyu, Iliya. Biyar ga wata, Altine. Shida ga wata..."

"Bar min lambobin ga. Albasa ba ta san huɗu ga wata ba. Kira min rana da sunanta, kamar yadda ake kiran mutum."

Na ƙara wa umarnin haruffa biyu don ya riƙa fitar da sunan rana. Ya fitar da su da Faransanci, ina karantawa ina mayarwa.

"Alhamis, Iliya. Juma'a, Altine. Asabar, Ɗanladi. Lahadi, Iliya. Litinin, Altine. Talata, Ɗanladi. Laraba, Iliya. Alhamis..."

"Tsaya nan. Laraba wa?"

"Iliya."

"Iliya mai awon hatsi? Ranar Laraba?"

Sai da ya maimaita sannan na gane. Laraba kasuwarmu ke ci, a garin da ke bayan tudu. Gari yakan watse tun da safe, pampo ya huta, a wanke gilasan da ke kama masa hasken rana.

"Ke a garin ga anka haihe ki kuwa?" in ji Kaka. "Ko dai a tasha munka tsince ki? Na daɗe ina cewa hancin ga ba namu ba na."

"Alhamdu lillahi da ba naku ba ne. Naka in ka juya sai an kauce."

"Hancin ga shi ya shinshino Laraba, da ke da mijinki kun wuce ta."

"Mantuwa ce. A Tawa kullum kasuwa."

"Shi ya sa kullum kuke cikin wahala."

Na ƙara layi biyu: in ranar ta faɗo Laraba, a tsallake ta. Na danna. Layuka shida suka fito, Alhamis zuwa Talata, daga nan babu ko ɗaya. Ɗan farin ɗigon da ke ƙasa yana ta ƙiftawa, fankar cikin ordinatar ta fara huci.

"Mi ya same shi?"

"Ya tsaya."

"A ina?"

Ya matso da kunnensa.

"A ina, amarya?"

"A Laraba."

Kaka ya buga cinya, har butar ta yi rawa a kan gawayi.

"Ya shiga kasuwa bai hito ba! Wallahi jinin kakarki Yelwa gare shi. In ta tahi sayen gishiri sai an aika a kamo ta da magariba!"

Daga madafa muryar Kaka Yelwa ta taso: "Ina jin ka, Illa!"

"Yabon ki nike!" Ya juyo gare ni, ya rage murya. "Mi shike saye a can?"

"Ba ya sayen komi. Laihina ne. Na ce mai in ya ga Laraba ya tsallake, amma na manta in ce ya ƙara kwana kafin ya koma. Sai ya koma, ya sake tarar da Larabar, ya tsallake, ya sake tarar da ita. In ban hana shi ba haka zai yi ta yi har batir ya mutu."

"Yanzu wanga za a ba mabuɗi? Wanda in ba a ce mai gobe Alhamis ba, bai sani ba?"

"Shi aƙalla in an gyara mai yana ji."

"To ja shi da kunne ki hiddo shi."

Na danna maɓallai biyu na tsayar da shi, na matsar da layin ƙarin kwana zuwa sama. Wannan karon ya wuce kasuwa lafiya, ya kai har ƙarshen rani. Na duba, abin ya yi kyau ƙwarai, har na ji daɗi.

"Ka gani, tsoho? Da anka cire Laraba sauran kwana shida, kashi uku. Kowa ya samu ranakunshi biyu da ba su canzawa. Iliya Alhamis da Lahadi, Altine Juma'a da Litinin, Ɗanladi Asabar da Talata. Ko jariri zai riƙe wannan."

"Haka Ɗanladi yac ce bara."

Ya buɗe butar ya zuba ganyen shayi, ya rufe, ya gyara mata zama. Sannan ya nuna ordinatar da leɓe.

"Tambaye shi Sallah. Bana ma azumi cikin ban ruwa zai ƙare. Wace rana ta?"

Na duba. "Ko Juma'a ko Asabar."

"Ko? Injin da yaz zo daga bayan teku shina cewa 'ko'?"

"Sai an ga wata, Kaka."

"Ba shi da ido?"

"Kai da kake da biyu, bara fitilar jirgin sama ka nuna ka ce wata ne. Har ka sa Kaka Yelwa ta jiƙa shinkafa."

"Jirgin ne ya tsaya inda bai kamata ba. Amsa min: ranar Sallah wa ke ban ruwa?"

"Ba kowa."

"In ta hwaɗo Juma'a, ranar wa?"

"Altine."

"To a takardarki Altine ta sha Litinin, Juma'a an yi Sallah, sai wata Litinin. Mako guda cikin zahin bazara, albasa tana ƙulla kai. Mutane sun sauke azumi, albasar mata ta ɗauka?"

Na tambaye shi yadda ake yi.

"Ranar da ba a yi ban ruwa ba, ba a ƙidaya ta. Mai ita shi sha gobe, na bayanshi jibi, kowa ya matsa da kwana guda. Ruwan ga layi ake bi. Ba wanda ubanshi ya bar mai Talata."

Na fara rubutawa. Ya ɗaga hannu.

"Da saura. Tambaye shi ranar da zan mutu."

"Da ya sani da tun jiya na jiƙa geron gumbar sadaka."

"Ji maras kunya! Gumbata kike jira?"

"Tun ina firamare. Duk shekara sai ka yi tari mu wanke turmi, da safe mu gan ka kana shan shayi. Jikokin Malam Jima sun ci tasu tun bara, mu muna nan muna kallo."

"Ba ku ci. Na bar wasiyya a yi ta babu sukari."

"Za mu sa daga gwangwanin da kake ɓoyewa cikin tsohuwar jakar Makka."

Ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani. Da dariyar ta lafa ya ce, a hankali, "Ranar da anka yi rasuwa a gari, ba a tada pampo. Tun muna ja da guga haka yake. Ba a barin gawa a tahi lambu."

Hannuna ya tsaya a kan maɓallai.

"Kaka, Malam Jima wace rana ya rasu?"

"Litinin."

"Ranar Altine."

"Ashe kan ga ba gashi kaɗai ke ciki ba."

Malam Jima abokinsa ne tun suna kiwon awaki. Tare suka yi shekaru suna jera duwatsu a kan tuddan nan don su tsare ƙasa daga zaizaya. Ban san cewa rasuwarsa da rikicin pampo a mako guda suka faru ba, domin ta waya na ji kowanne, dabam-dabam.

"Litinin munka kai shi," in ji Kaka. "Nic ce ma Altine ta sha Talata. Laraba kasuwa, Ɗanladi sai Alhamis. Shi kuwa ya tahi Madawa, bai kwana gari ba. Laihina guda: ina zaman makoki, ban aika mai ba. Talata da sahe yaz zo da mutanenshi. A taro ya ɗaga waya sama, yac ce kowa ya duba, tun da anka hwara duk Talata tashi ta, tsoho na ya ruɗe."

"Mi ya sa ba ka yi bayani ba?"

"In tsaya gaban jama'a ina gardama da yaron da nic ci naman sunanshi, ina jawo sunan Jima kwana uku da binne shi? Nic ce Allah ya ba kowa haƙuri. Iliya yac ce a ƙarasa rani yadda nit tsara, bana a nemi takarda."

"Ba wanda ya san dokar?"

"Altine ta yi magana, muryar maza ta danne ta. Tsohhin da munka ja guga tare, rabi sun riga Jima, rabi gwiwa ba ta kai su taro."

Tausayinsa ya kama ni. Da Kaka kuwa ba a yin haka, in ka nuna masa tausayi sai ya tashi ya bar maka wurin. Don haka na murguɗa baki.

"Wa ya sani ko jiya da dare ka ƙirƙiro wannan? Tsoho in zai rabu da mulki ba abin da ba ya tunowa. Mutumin da ya nemi tabaraunshi yini guda alhali yana bisa goshinshi."

"Ajiya niy yi, ina gwada ku."

"To bari ni ma in gwada ka. Zan sa ma injin ranakun bara. Ka gaya min ranar da anka fara da ranakun da ba a ƙidaya ba. Sannan in tambaye ka rana uku, duk inda na ga dama. In ka kuskure ko ɗaya, butar nan ta zama tawa."

Ya rungume butar da ido. "Butata? Da nit taho da ita daga Agadas kan raƙumi?"

"Wancan karon a mota ka ce."

"Raƙumin ne ya shiga mota. To na yarda. In kuwa na ci duka ukun, wa zai karanta takardar ga a taro?"

"Iliya zan ba, shi ne shugaban ƙungiya."

"A'a. Ke za ki karanta. A tsaye. Kuma ki hwaɗi abin da kinka gani na bara."

Taron nan maza sun fi arba'in.

"Kaka, ka nemi wani abu. In wanke maka riguna wata guda."

"Ke da in baƙo ya yi sallama kike shigewa bayan rumbu? Da ni kaɗai bakinki ke da kaihi. Ranar da anka ba ki kyauta a lakwal gaban ɗalibai, darakta ya kira sunanki sau uku, sai da anka jawo ki daga bayan tulu."

"Inuwa nake sha."

"To yau ki sha rana. Kin yarda ko kin ji tsoro?"

Na dubi mabuɗin da ke kan tabarma. Na ce na yarda.

Ya ce bara ma Alhamis aka fara, a makon farko na watan sha biyu, da Iliya. Ranakun da ba a ƙidaya ba biyu ne bayan na kasuwa: Litinin ɗin Malam Jima, da Sallah wadda ta faɗo Lahadi. Na nemo kwanan watan rasuwar a wayata, cikin saƙon da Inna ta turo mini a lokacin. Na buɗe wani ɗan fishiye dabam, wato fayil, na sa ranakun biyu a ciki, na gaya wa injin cewa kafin ya ba kowa ruwa ya leƙa can, in ranar tana ciki ya wuce ta ba tare da ya wuce mai layi ba. Sannan na juya masa bayan ordinatar.

"Mi kike ɓoyewa? Ko na gani ban iya karatun boko ba."

"Kana iya karatun fuska."

"Taki ba ta da wuya. Baƙi huɗu ta: yunwa, barci, kunya, rashin kunya."

"Ta farko. Juma'ar farko ta azumi."

Bai ko taɓa tasbaha ba. "Iliya. Ranar tiyonshi ya hwashe, ya jiƙe sharkaf, yac ce bai haɗiye ko ɗigo ba. Har yau ban yarda ba."

Na duba. Iliya.

"Sa'a ce. Ta biyu. Biyar ga azumi."

Ya ciro tasbaha. "Asabar munka ɗauka. Asabar ɗaya, Lahadi biyu, Litinin uku, Talata huɗu..." Ya tsaya, ya ɗago kai a hankali. "Munahuka! Laraba ta. Kasuwa. Tarko kinka ɗana ma mijinki?"

"Injin ma ya faɗa ciki ɗazu."

"Shi baƙo na. Kawo ta ukun in sha shayina."

"Alhamis ɗin da ta bi bayan Sallah."

Kaka ya ɗaga kai. Ya dubi bedi, ya dubi tasbaha, ya bar bakinsa a buɗe kaɗan. Ya juyo ya ƙura mini ido kamar bai taɓa gani na ba.

"Yarinya, ɗiyar wa ce ke? Nan wane gari na?"

"Kaka, bar wasa."

"Yelwa! Zo ki ga wata baƙuwa ta shigo muna da hwaranti!"

"Kaka!"

Na tsorata da gaske, ya kuwa gani. Ya saki murmushi.

"Kafin Sallah, Lahadi ta Ɗanladi ta. An yi Idi, ba a ƙidaya ba, ya sha Litinin. Iliya Talata. Laraba kasuwa. Alhamis Altine. Ruwanta na ƙarshe ke nan, daga shi tab bar albasa ta bushe don kada ta ruɓe a rudun ajiya. Duba."

Na duba. Altine.

Na mayar da layukan baya har watan ɗaya, na nemo Talatar rikici. Na juyo masa da ordinatar na ɗora yatsana a kan layin. Ya matso, ya sauko da tabaraunsa daga goshi, ya daɗe yana kallon rubutun da bai iya karantawa ba.

"Nan anka rubuta Altine?"

"Nan."

"Ranar Talatar?"

"Ita."

"Ba ke kinka sa mai a baki ba?"

"Dokarka kawai na ba shi. Shi ya ƙidaya."

Ya gyara zama, ya ja majina, ya ce hayaƙin gawayin nan ba shi da kyau, itacen bana duk ɗanye ne.

"Injin ga ɗan halal na," in ji shi. "Na janye maganar hwaranti. Amma har yanzu ba shi da wuya."

"Shi ya sa ba zai iya riƙe mabuɗi ba. Takardar da zan fitar gaskiya ce har zuwa ranar farko da ba a ƙidaya ba. Daga nan ta zama ƙarya, sai an sake fitar da sabuwa. Laraba ya sani. Sallah da rasuwa sai an gaya mai. Dole a samu mutum guda da zai ce yau ba a ƙidayawa, kowa ya ji daga bakinshi."

"Sai ku nemi wani tsoho mai hanci."

"Akwai wani da ya ƙi mutuwa, da shi za mu yi maneji. Fishiyen ma na riga na sa mai sunanka. Duk ranar da injin zai rubuta sai ya leƙa wurin Illa tukuna."

"Kin kulle ni cikin hwaranti?"

"Can ba ka tari."

"To in haka na, akwai sharaɗi. Duk ranar da nic ce ba a ƙidayawa, ki aika ma shugabannin ukun ta waya. Har wanda ya tahi Madawa. Kada a sake irin ta bara."

"Na ji."

"Yanzu tashi tsaye. Ga awaki can, su na taro. Wancan bunsurun mai gemu Iliya na, mai tsalle-tsallen Ɗanladi. Hwaɗa musu."

Na miƙe. Ko a gaban awaki sai da na sunkuyar da kai.

"Jama'a, na duba ranakun bara..."

"Da wa kike? Ko ƙudan da ke bisa hancina bai ji ba."

"Ƙudan ya yi nisa da ni, hancin da tsawo."

"Ɗaga murya!"

"Jama'a, na duba ranakun bara ɗaya bayan ɗaya. Talatar da anka yi rikici ta Altine ce."

"Iliya ya ji. Ɗanladi shina cin leda. Ƙara!"

Na cika ƙirjina da iska, na rufe ido.

"Talatar ta Altine ce! Malam Illa bai ruɗe ba!"

Awaki suka watse. Daga madafa Kaka Yelwa ta ce, "A rabon ruwa dai! A sauran abubuwa ku zo ku tambaye ni!"

Kaka ya kwanta da baya don dariya, rawaninsa ya kwance. Ni kuwa na zauna da sauri na rufe fuska da mayafi. Da na leƙo, na ɗauki igiyar mabuɗin na miƙa masa.

"Ka ci, tsoho. Karɓi kayanka. Ka riƙe har la'asar, in sun ji maganata ka ci gaba da riƙewa."

"In kinka yi irin wagga tsawa, har mutanen garin Buza sai sun ji." Ya rataya igiyar a wuya ya tura mabuɗin cikin riga. "Abu guda ya rage. Ranar tawa in ta zo, ke za ki rubuta ta a wurin nan mai sunana. Kada kowa ya tada pampo. Mai layi ya sha gobe."

"Wa zai je lambu ranar? Duk muna bakin turmi."

"Babu sukari."

"Na san inda jakar take."

Shayin ya daɗe a wuta, ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗaga butar sama ya tsiyaya, ya mayar, ya sake tsiyayawa har kumfa ya tashi. Ya kai kofin kusa da bakinsa, sai ya tsaya, ya miƙo mini.

"Na farko?" na ce. "Kaka, ko dai ka ruɗe da gaske?"

"Sha, maras kunya. Muryar da za ta tsaya gaban maza arba'in ba a yin ta da ruwan sukari."

Na kurɓa. Ɗacinsa ya kai mini har cikin kunne. Kaka yana kallon fuskata yana dariya, hannunsa a kan ƙirji, daidai inda mabuɗin yake.